Darasi na 9: Jan Wuta Don Talabijin da Hom Tiyata

Kafin ka kira mai haɗa wuta, ɗauki biro da takarda. A bayan kowace na'ura akwai ɗan rubutu mai harafin W, wato wat, yawan wutar da take ci. Misali: talabijin mai inci 55 wat 120, amfilifaya da sifikunta wat 250, dikoda wat 20. Jimla 390. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda gaba, ya kusa 500. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, idan ka raba 500 da 230 za ka samu amfiya 2 da ɗoriya (amfiya ma'aunin wutar da ke bi ta waya ce), alhali soket ɗaya mai ido uku yana ɗaukar amfiya 13.

Ka ga kayan kallo ba su da cin wuta. Abin da ke kashe su shi ne hawa da saukarta. Duk lokacin da firji ko injin jan ruwa ya tashi, yana fizgar wuta, sai ka ga hoto ya girgiza, sifika ta yi ƙara. Saboda haka a ja wa kayan kallo layinsu daban daga akwatin birekoki, da waya mai kauri milimita 2.5 da bireka mai amfiya 20. Waya mai 1.5 ta ƙwan fitila ce.

A kasuwa ka kankare bakin wayar da wuƙa. In cikinta ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi zafi ya narkar da soket. Arha ba ta ado.

A sa soket huɗu ko shida a bangon da talabijin zai zauna, tun kafin a yi filasta. Jona filogi a kan filogi shi ke haddasa gobara. Wayoyin sifika su bi nasu fayif ɗin, domin in suka kwanta da wayar wuta mai nisa, sifika kan yi gurnani.

Wayar ƙasa, mai launin kore da ruwan ɗorawa, ita wasu masu aiki ke tsallakewa don rage kuɗi. Kada ka yarda. A kafa sandar jan ƙarfe a wuri mai danshi a ɗaure wayar da ita, ka tsaya a yi a gabanka. Idan ba ita, na'urar kare tsawa ba ta da inda za ta zubar da wutar da ta yi yawa. A Jos kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba tsawa ba ta wasa. In hadari ya taso, zare filogi, ka kuma kwance wayar dish daga dikoda, don ta nan ma tsawa ke shiga.

Sitabilaiza mai 1000VA ta ishe kayan nan. Ka sayi mai jinkirta wuta, saboda idan kamfanin raba wuta na Jos, wato JED, ya dawo da ita, fizgar farko ce mai ɓarna. Janareta kuma dole ya bi ta makunnin canjin layi, kada a jona shi a soket. In inbata za ka saya, ka ce wa mai shago "pure sine wave" kake so, ɗaya irin yana sa amfilifaya zafi da ƙugi.