Matakan Yi Wa Tulu Zane

Da farko, a bar tulun da aka gina ya sha iska a inuwa har yumɓun ya kama jikinsa, amma bai bushe ba, domin a lokacin ne tsinke ke shiga ba tare da tsagewa ba. Sannan a goge shi da dutse mai santsi.

A zana adon a kafaɗarsa kawai, a bar wuyan sumul saboda nan hannu ke kamawa. Ƙadangare da kifi, irin zanen Ladi Kwali, maginiyar tukwane mai hoto a Naira 20, sun fi dacewa a ganina, sai dai kada tsinken ya nutse sosai har tulun ya riƙa yoyo. Idan ya bushe sarai, a gasa shi, kamar yadda maginan Ushafa da ke Abuja suke yi.