Matakan kai ƙorafi kan ƙaramar hukuma gaban Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a

Hukumar ta tarayya ce, an kafa ta a 1975, tana da Kwamishina a Kaduna, kuma hurumin bincikenta ya haɗa da ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ba a biyan ko kwabo.

1. Fara da ƙaramar hukumar kanta. Ko harajin rumfa aka karɓa sau biyu, ko takardar shaidar asali ta maƙale, rubuta wa Shugaba takarda, kwafi biyu. Ka tabbata magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: sun yi ta zirga-zirga sakatariya da fatar baki, ba abin nunawa. Doka kuwa ta ce sai ka bi hanyoyin cikin gida tukuna.

2. Tara rasidai da hotuna. Kada ka saki na asali, kwafi za ka bayar.

3. Rubuta wa Kwamishina: sunanka, adireshi, lambar waya, abin da ya faru, yaushe, da gyaran da kake nema. Kada wata 12 ya wuce daga faruwar abin, kuma ya zama kai ya shafa. Maganar da ke gaban kotu ba sa taɓa ta.

4. Jami'in bincike zai nemi ƙaramar hukumar ta ba da amsa, yana iya haɗa ku zaman sulhu. Ka halarta da takardunka.

Shawarar gyara ce Hukumar Koke-koken ke bayarwa, ba hukuncin kotu ba, don haka ka riƙa bibiya har sai an aiwatar.