A rage wa sabon koyo tarkacen allon keken lantarki

'Yan uwa, kafin ku ɗora sabon koyo a kan keken lantarki, don Allah ku fara gyara masa ɗan allon da ke hannun keken. Na ga wata yarinya ta sunkuyar da kai tana karanta lambobi, keken na karkata gefen titi, ita ba ta ma sani ba. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Abu uku sun ishe shi: saurin tafiya, cajin batir, da matakin taimakon injin. Nisan tafiya da ƙarfin wuta duk a ɓoye su. A alluna da yawa, danne maɓallin ƙari da na ragi tare na 'yan daƙiƙu yana buɗe saiti. A sa taimako a mataki na 1, a ƙara hasken allon saboda rana. Girman taya kuwa kada a taɓa, in an canja shi saurin da allo ke nunawa ba zai zama daidai ba.

Sannan a gaya masa tun a ƙasa: cajin batir da allo ke nunawa kan sauka a hawan tudu, ya dawo in an sauko. Kuma a kekuna da yawa riƙe maɓallin ragi yana tura keken da kansa, kusan kilomita 6 a awa.