Darasi na Bakwai: Kiwon Murjani a Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa Mai Sanyi

Mutane da yawa sun ɗauka murjani dutse ne, alhali halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne da ke zaune cunkus a teku, suna gina wa kansu gida mai tauri. A cikin jikinsu akwai wata 'yar gansakuka da ido ba ya gani, ita ce ke amfani da haske ta samar musu da yawancin abincinsu. In ruwa ya yi zafi ko sanyi fiye da kima, murjani yakan kori wannan gansakuka, ya yi fari fat, daga nan sai yunwa ta kama shi. A watan Janairun 2010 wani sanyi mai tsanani ya sauka a tsibiran Florida Keys na Amurka, murjani mai yawa ya mutu, har da wanda ya yi shekaru aru-aru yana girma.

To, yaya za a yi a kiwata irin wannan halitta cikin tankin gilashi, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba a ɗumama shi?

Murjani yana son ruwa mai digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, a ƙasashe masu sanyi, yakan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka lokacin hunturu. Kada wannan tazara ta firgita ku. A ganina irin wannan ɗaki ya fi ɗakin sama da rana ke duka, domin ɗumama ruwa ya fi sanyaya shi sauƙi, kuma yanayin ɗakin ba ya saurin juyawa tsakanin dare da rana. Abin da ya fi wahalar da murjani shi ne hawa da sauka, yau zafi gobe sanyi.

Maganar hita, wato na'urar ɗumama ruwa, ita ce gaba da komai. A ɗaki mai ɗumi akan ƙiyasta ƙarfin hita wat 1 ga kowace lita ta ruwa. A ɗaki mai sanyi ku ninka, ku yi wat 2. Tanki mai lita 200 ke nan yana bukatar kamar wat 400. Amma kada ku sayi babbar hita guda ɗaya, ku sayi biyu masu wat 200 kowace. Hita takan lalace ta hanya biyu: ko ta mutu, ko ta maƙale a kunne ta ƙi kashe kanta. In ɗaya ta mutu, ɗayar za ta riƙe ruwan kafin ku lura. In ɗaya ta maƙale, ƙarfinta bai kai ya dafa tankin cikin dare ɗaya ba. Ku ƙara da na'urar da ke auna zafin ruwa ta katse wa hita wuta in ya wuce inda aka saita. Ma'aunin zafi kuma ya zama daban, kada ku dogara da lambar da ke jikin hita, takan yi kuskure.

Sai a hana ɗumin gudu. Ku samo farin soso mai tauri, irin wanda ake kunshe sabon firji da shi, ku manna a bayan tankin da gefunansa biyu, ku bar gaba don kallo. Daɓen siminti yana da kyau wajen ɗaukar nauyi, domin lita 200 ta ruwan gishiri ta haura kilo 200, ban da duwatsu da yashi da gilashin kansa. Sai dai siminti yana zuƙe ɗumi, saboda haka duk mazubin ruwan da zai zauna a ƙasa a shimfiɗa masa soso. Murfi ma yana taimakawa ƙwarai, don ɗumi mai yawa ta saman ruwa yake fita.

Ruwa mai ɗumi a ɗaki mai sanyi yana tururi. Ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan, sai ya ƙara ƙarfi a tankin. Don haka cikon kullum da tataccen ruwa marar gishiri ake yi. Ruwan teku yana da kamar giram 35 na gishiri a kowane kilo, ma'aunin gishiri yakan nuna 1.025 zuwa 1.026. Gishirin na musamman ne, na girki ba ya yi. In za ku canja wani ɓangare na ruwan, ku ɗumama sabon tukuna har ya yi daidai da na tanki. Ina jaddada wannan domin nan ne ake yawan yin ɓarna: bokitin ya kwana a kan siminti, da safe a juye shi da sanyinsa a kan murjani.

Tururin nan yakan sa bango gumi, ya kawo fumfuna da tsatsa. Ɗakin da iska ba ta shiga kuma yakan tara iskar da muke fitarwa wajen numfashi, ita kuma ta narke a ruwa ta ƙara masa tsami, abin da ke rage wa murjani ƙarfin gini. Ƙaramar fanka mai fitar da iska waje tana rage matsalolin biyu. Soket ya kasance can sama, nesa da daɓe, mai katse wuta da kansa in ruwa ya taɓa, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai.

In an ɗauke wuta, ku lulluɓe tankin da barguna nan take, ku kunna famfon iska mai batir. Rashin iska a ruwa yakan riga sanyi yin kisa.

Aiki: kafin ku sa ko da murjani ɗaya, ku cika tankin ku kunna komai. Ku riƙa rubuta zafin ruwan da asuba da kuma da yamma har kwana bakwai, ku cire ƙaramar lamba daga babba. In bambancin ya wuce digiri 1, ku ƙara soso ko ƙarfin hita, ku sake aunawa. Sannan ku lissafa: tanki mai lita 150 a ɗaki mai sanyi, wat nawa yake bukata, kuma kowace hita ta zama mai wat nawa?