Yadda ake wanke salansar bindiga ƙirar .22 a kuma kare ta daga danshin Legas

Wata damina na dawo daga gonar kajin da nake kula da ita a hanyar Epe, bayan mun kwana biyu muna fama da gafiyoyin da suka addabi ɗakin abincin kaji. Gajiya ta sa na zura bindigar cikin jakarta da salansa, wato abin rage ƙarar harbi, ɗaure a bakinta, na kulle a akwatin ƙarfe a gidana na Agege. Ban sake buɗewa ba sai bayan wata biyu, Yuni da Yuli, lokacin da ruwan Legas ba ya ɗagawa. Na kama salansar zan murɗe, ko motsi ba ta yi ba.

Na kai wa wani dattijo a Obalende, tsohon soja da ya daɗe yana kula da ma'ajiyar makamai kafin ya yi ritaya. Kwana biyu ya jiƙa ta da mai kafin ta saki. Da ta fita, tiredin bakin bindigar, wato zaren da ake murɗa salansar a kai, ya yi jajir da tsatsa, cikin salansar kuwa wani baƙin abu ne ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Ya juya ta a hannu ya ce, "Yarona, a Kano ka yi wannan sakacin ka tsira, iska busasshiya ce. Nan bakin teku kake." Na ce, "Baba, a koya mini." Abin da ya nuna mini ranar, da abin da na ƙara gani da hannuna daga baya, shi zan shimfiɗa a nan.

Wannan bayani na mai lasisi ne. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta ɗora ba da lasisin bindigar farauta irin wannan a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kafin ka ɗaura wa bindigarka wani abu a baki, ka tabbata hukumar da ta ba ka takarda ta sani kuma ta amince a rubuce. Salansa ba ta mai da bindiga bebiya kamar yadda ake nunawa a fim. Rage ƙara take yi, ta kare kunnen mai harbi, ta hana kaji firgita su danne juna. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, shi ya yi mata rajista a 1909, kuma dabararta ɗaya da ta salansar mota: a tsare hayaƙi mai zafi a ƙananan ɗakuna ya huce kafin ya fita. A Ingila manoma da masu harbin zomo sun ɗauke ta kayan aiki na yau da kullum.

Sai ka san dalilin dattin kafin ka san maganinsa. Harsashin .22, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887, maganin tashinsa yana cikin gefen gindin kwanson ne, can allurar bindiga take duka. Kansa dalma ce tsirara, nauyinta kamar giram 2.6, an shafe ta da kakin zuma ko wani maiƙo don ta zame cikin bututu. Ƙarfinsa kaɗan ne, zafinsa ma haka, don haka albarushin ba ya ƙonewa duka. Kowane harbi yana watsa ɓurɓushin dalma, narkakken kaki, kunkunniya da ragowar albarushi cikin salansar, su manne a jikin ƙananan kofunan da aka jera a ciki. Ƙonewar albarushi kuma tana fitar da tururin ruwa, wanda ke zama raɓa a ciki idan ƙarfen ya huce. Haɗa wannan da danshin Legas, da yakan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara, da gishirin da iskar teku ke ɗaukowa idan kana wajen Apapa, Lekki ko Ajah. Abin da kake samu shi ne ƙanzon da na gani a hannun Baba.

Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu ta roba, tabarau, tsohon buroshin haƙori, buroshin tagulla, tsinken katako ko na roba, tsummoki, gwangwani mai murfi, man wanke bindiga, da ɗan giris mai jure zafi. Idan man wanke bindiga ya yi wuyar samu, kananzir yana jiƙa dattin sosai. Fetur kuwa kada ka kusance shi, tururinsa kaɗai ya isa ya tashi gobara a ɗaki.

Matakin farko ba ya canzawa ko sau dubu ka yi aikin. Juya bakin bindiga inda babu mutum, cire gidan harsashi, ja sakata baya, ka leƙa mazaunin harsashi da ido, ka kuma taɓa da yatsa. Zare sakatar gaba ɗaya idan irin mai zaruwa ce. Kwashe harsasai ka kai su wani ɗaki. Sannan ka murɗe salansar da hannu, bakin bindigar yana kallon ƙasa, don kada dattin da ya saki ya gangara cikin bututu.

Wurin da za ka zauna yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato, kuma a nan nake so in daɗe. Abin da za ka kankare dalma ce. Duk ɗan Arewa ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ba a ganin ƙurar, ba ta da wari, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin shanye ta, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mu da muke zaune a gidajen haya na Agege da Idi-Araba, tsakar gida ɗaya ake girki, ake wanki, yara suna rarrafe. Kada ka yi wannan aiki a nan. Ni a gona nake yin nawa, a bayan ɗakin ajiya, bisa shimfiɗar tsohuwar jarida. Kada ka kankare dattin a bushe, kada ka hura da baki, kada ka sa injin hura iskar masu faci. A jiƙe ake taɓa dalma. Goro, taba, ruwan leda, duk a dakata da su sai an wanke hannu da sabulu.

Yanzu sai kwancewa. Yawancin salansar .22 an yi su ne don a buɗe: murfi a gaba ko a baya, wani da hannu yake kwancewa, wani da ɗan makullin da ya zo da shi. Kada ka damƙe jikinta da filaya ko ka matse ta a bais (ƙarfen matse kaya na teburin makanikai), domin bututun siriri ne, da ya lotsa shi ke nan kofunan ba za su sake fita ba. Idan murfin ya ƙi, zuba masa mai ka bar shi ya kwana. Da ya buɗe, tura kofunan waje da sandar katako, a hankali. Yayin da suke fitowa jera su a kan jarida yadda suke a ciki, na farko zuwa na ƙarshe, kowanne da fuskar da yake kallo, ka ɗauki hoto da wayarka. A wasu ƙirar kofin da ke kusa da bakin bindiga ya bambanta da sauran, ya fi kauri ko an yi shi da ƙarfe mara tsatsa, saboda shi ke fara karɓar wuta. Idan akwai zoben roba, cire shi ka ajiye gefe, kananzir yana kumbura wasu robobin.

Zuba kofunan a gwangwani, mai ya rufe su, ka sa murfi. Awa biyu sun isa idan ba a daɗe da wankewa ba. Idan an daɗe, su kwana. Jiƙon yana narkar da kaki da kunkunniya ne kawai, ba ya narkar da dalma, amma da kakin ya saki, dalmar ta rasa abin riƙewa.

Kafin ka fara gogewa, san da wane ƙarfe aka yi taka. Mafi yawan masu sauƙin nauyi alminiyam ne da aka yi wa baƙin rufi mai tauri a sama. Wannan rufin shi ne garkuwarsa, idan ka karce shi da wuƙa, sukudireba ko buroshin waya, datti zai riƙa kamawa a wurin fiye da da. Alminiyam sai buroshin haƙori da tsinken katako. Sa bakin tsinken a gefen ƙanzon ka tura, za ka ji ya ɓalle ɓawo-ɓawo, launinsa toka-toka mai ɗan ƙyalli a ƙasa. Ƙarfe mara tsatsa yana jure buroshin tagulla. Fi mai da hankali a wurare biyu: ramin tsakiya inda harsashi ke wucewa, da gefen kofi inda yake haɗuwa da bangon bututu, don a nan ne suke mannewa. Ba sai kofi ya yi ƙyalli kamar sabo ba. Baƙin da ya rina ƙarfe ba ya hana komai, tudun datti shi ake nema a kawar. Cikin bututun salansar kuma, naɗa tsumma mai mai a sanda ka zura ka juya har ya daina fitowa da tsakuwa.

Abubuwa biyu nake roƙon ka guje musu. Na ɗaya, soda mai ƙuna irin ta masu haɗa sabulu, da magungunan wanke murhu, cinye alminiyam suke yi. Na biyu, akwai wani jiƙo na ruwan tsami da maganin wanke rauni da wasu suke yaɗawa wai yana narkar da dalma. Yana narkarwa, amma abin da ya rage a gwangwanin guba ce da ke iya shiga jiki, kuma ba ka da inda za ka zubar da ita a Legas da ba za ta bi kwata ta shiga ruwan mutane ba. Ko man da ka jiƙa kofunan da shi kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya. Rufe gwangwanin, dattin zai kwanta a ƙasa, ka sake amfani da na sama a wanki na gaba. Jarida da tsummokin a ƙulle su a leda, kada a ƙona.

Idan taka irin rufaffiyar ce da ba a buɗewa, toshe baki ɗaya, cika ta da mai, ta kwana, ka girgiza ka tsiyaye, ka maimaita, sannan ka kife ta ta tsane sarai kafin a harba. Dabara mai kyau ita ce ka auna nauyinta tun tana sabuwa ka rubuta, sikeli zai riƙa gaya maka yawan abin da ya taru a ciki.

Goge komai ya bushe. Shafa mai siriri a jikin kowane kofi, wanda yatsa zai ji amma ido ba zai gani ba, wannan ke sa wankin gaba ya yi sauƙi. Mayar da su bisa hoton da ka ɗauka. Ɗan giris kamar ƙwayar gero a tiredin murfi, wani a tiredin bakin bindiga bayan ka goge shi da buroshi tare da kafaɗar da salansar ke zama a kai. Tsakuwa ɗaya a wannan kafaɗa tana iya karkatar da ita. Ɗaura da hannu. Idan ka ji tana cijewa tun a zagaye na farko, tsaya ka warware. Tiredin bindigogin Ingila yawanci 1/2x20 ne, wato kaurin rabin inci da zare 20 a kowane inci, na Amurka 1/2x28, a ido kamar ɗaya suke, amma tilasta wannan a kan wancan yana cinye su duka biyu.

Kafin ka mayar da sakata, ɗaga bindigar ka leƙa ta bayan bututu zuwa farin bango. Ya kamata ka ga da'irar haske cikakkiya, ramin salansa yana tsakiya daidai. Idan ka ga inuwa kamar jinjirin wata a gefe guda, kada ka harba, harsashi zai daki kofi. Kwance ka duba jerin, idan bai gyaru ba ka kai wa wanda ya san aikin. Bayan kowane wanki nakan gwada harsashi biyar a takarda a gona, da tudun ƙasa a bayanta, domin wurin faɗuwar harsashi yakan ɗan gusa.

Sau nawa za a yi? Bi abin da takardar kamfanin ta ce. Ni dai ba na wuce kwali shida, harsashi 300 ke nan, kuma idan damina ta kama ba na jiran lissafi. Abin da ba na fashi kuwa shi ne cire salansar duk ranar da na yi harbi, ko harsashi biyu ne. Ina girgiza ta, in ajiye ta a tsaye a inda iska ke ratsawa har ta bushe, in sassauta murfin in sake ɗaurewa don kada ya manne, in zura tsumma mai mai cikin bututun bindiga, in shafe tiredin in rufe shi da hularsa. Jakar soso tana riƙe danshi, ta tafiya ce kawai, ba ta ajiya ba. A akwatin ƙarfe bindiga tana gefe, salansa tana gefe, harsashi a kulle a wani wurin dabam, tare da 'yan ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi. A Legas suna saurin ƙoshi, don haka nakan canza su duk wata daga Afrilu zuwa Oktoba, sauran watannin kuma nakan buɗe akwatin duk ranar Juma'a in shafa yatsa a tiredin in duba.