Kurakuran da masu zuwa Mada'in Salih suka fi yi

Yawancin 'yan umara suna ɗaukar Mada'in Salih, wurin tarihi da ke kusa da garin Al-Ula a Saudiyya, kamar ziyarar Uhudu ko Ƙuba, a tare mota a ƙofar masauki, a je a dawo kafin azahar. Daga Madina zuwa garin Al-Ula ya haura kilomita 300, kusan awa 4 a mota, jirgin ƙasan Haramaini kuma a Madina yake tsayawa. Daga Al-Ula akwai sauran kilomita 20 da 'yan kai. Mai shirin zuwa da dawowa rana ɗaya, a kan titi zai ƙare wuninsa. A ware kwana biyu.

Sai zuwa hannu rabbana, ba tikiti. Ba a barin motar haya ta kutsa ciki. Tun da wuri ake sayen tikiti a shafin Experience AlUla, a zaɓi rana da lokaci, motar hukuma ta kai mutane tare da ɗan jagora. Daga Disamba zuwa Fabrairu baƙi sun fi yawa, gurbi kan cika. A duba biza ma: ta umara ana yawo da ita a faɗin Saudiyya, ta hajji ba ta ba da wannan dama.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa na tarihi ne. Mutum ya tsaya gaban dutse mai ado, yana ɗaukar bidiyo yana cewa ga gidajen Samudawa. Waɗannan manyan ɗakuna 111 kaburbura ne na Nabatiyawa, mutanen da suka sassaƙa Petra a Jodan, kuma a saman ƙofar wasunsu an rubuta sunan mai kabarin da shekarar da aka yi shi, galibi a ƙarni na farko miladiyya. Kaburburan ne suka sa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2008. Labarin Samudawa, mutanen Annabi Salihu, a yankin Hijir, wato wannan yankin, ya girmi kaburburan nesa. Akwai kuma hadisin tafiyar Tabuka, wanda ya hana shiga wurin sai da kuka, don haka gara a tambayi malami kafin a biya kuɗin masauki, ba bayan an isa ba.

Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, inuwa kuma ba ta da yawa, sai a zaɓi zagayen farko na safe, a riƙe ruwa. Da hunturu dare yana da sanyi sosai, jallabiya kaɗai ba ta isa. Silifa ma a bar ta a ɗaki, yashi ne da tsakuwa.