Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin tishu na jikin mutum

Tishu dai tarin ƙwayoyin halitta ne da suka haɗu suna aiki ɗaya, kuma manyan rukuninsu 4 ne: epitiliya mai lulluɓe jiki ciki da waje, konektib mai haɗawa da riƙewa, sai tsoka, sai na jijiyoyin kai saƙo. Haddace su ba wuya, inda ake faɗuwa shi ne in aka ce to wannan a ina zaka saka shi.

Jini shi ne ya fi kayar da mutane. Da yawa suna ganin tunda ruwa ne ai ba tishu bane, alhali konektib ne cikakke. Dan Allah ku daina duba tauri ko laushi, ku duba abin da ke tsakanin ƙwayoyin. A konektib ƙwayoyin a warwatse suke cikin wani abu da ya kewaye su, a jini abin nan shi ne plasma, wato ruwan jinin, kusan kashi 55 cikin 100 na jinin, a ƙashi kuma ya daskare da sinadarin kalsiyam shi yasa yake da tauri, kitse da guringuntsi ma duk gidansu ɗaya. Epitiliya kuwa ƙwayoyinta a manne suke kamar jeren bulo, kusan ba fili a tsakani.

Sai masu rubuta fata a matsayin tishu. A'a, fata gaɓa ce, saman ta epitiliya ne, ƙasa konektib. Kuma saman nan babu hanyar jini ko ɗaya a cikinsa, daga ƙasa abinci ke ratsowa zuwa gare shi. Ka lura in ka ɗan kuje sama-sama sai wurin yayi fari ba jini, sai ciwon ya nutsa sannan zaka ga ja ya tsattsafo. Guringuntsin gwiwa ma haka yake ba hanyar jini, shi yasa in ya samu rauni yake jan lokaci sosai, ƙashi kuwa da ake wa kallon mataccen abu jini na ratsa shi ko'ina, karaya tana warkewa cikin makonni.

Tendon da ligament ma ana cakuɗa su. Tendon tsoka yake ɗaurewa da ƙashi, taɓa agararka a bayan dunduniya ka ji shi. Ligament ƙashi da ƙashi.

Wanda ya fi damuna shi ne cewa wai in ka daina motsa jiki tsoka tana rikiɗa ta koma kitse. Ba ta komawa, tishu biyu ne daban, tsokar ce ke ƙanƙancewa kitsen kuma yana taruwa a gefenta. Kuma tsoka iri 3 ce, ta jikin ƙashi wadda kake juyawa yadda kaga dama, ta zuciya, da mai santsi ta bangon hanji da hanyoyin jini, biyun ƙarshen nan kana barci ma suna aikinsu, dan haka kar ka rubuta cewa duk tsoka da umarninka take motsi.